Tsakanin Dinarin Rumawa da Liyari: Matsalar Tantance Tsofaffin Kuɗin Azurfa a Gauraka da Ƙasar Suleja

1.0 Gabatarwa

A garuruwan ƙasar Hausa da na maƙwabtanta, ba baƙon abu ba ne a tarar da tsohon kuɗin azurfa a cikin kayan gadon wata dattijuwa, ko a akwatin maƙerin fari, ko kuwa an huda shi an rataya a wuyan yarinya. Galibin irin waɗannan kuɗaɗe suna ɗauke da hoton mutum a fuska ɗaya, kewaye da rubutun boko wanda ko mai jin Turanci ba ya iya fassara shi, domin da harshen Latin aka yi shi. Da yake Latin harshen Rumawa ne, sau da yawa akan yi gaggawar yanke hukuncin cewa kuɗin na tsohuwar Daular Rum ne, har a ba shi shekaru dubu biyu. Wannan gaggawa tana jawo hasara iri biyu. Ta farko ta shafi aljihu, domin mai saye yakan zuba dukiya a kan abin da bai kai haka ba. Ta biyu kuwa ta fi muni, saboda a kan irin wannan kuskure ne ake gina da'awar cewa Rumawa sun yi ciniki da ƙasar Hausa tun kafin zuwan Musulunci, daga nan da'awar ta shiga bakin jama'a, har ta kai ga takardun ɗalibai.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda ake gane dinarin azurfa na sarakunan Rum, ta kwatanta shi da kuɗaɗen azurfar da aka tabbatar sun yi yawo a wannan ƙasa, sa'an nan ta duba irin hujjar da kuɗi guda zai iya kafawa a tarihi. An ɗauki Gauraka da ƙasar Suleja a matsayin fagen nazari saboda dalilai biyu. Garin yana kan babbar hanyar da ta haɗa Kaduna da Abuja, kusa da Dutsen Zuma, inda baƙi da kayansu suke ratsawa dare da rana. Haka kuma, tun da aka dawo da hedikwatar ƙasa Abuja a 1991, gine-gine da haƙe-haƙen ƙasa suka yawaita a yankin, wanda hakan ke sa abin da ƙasa ta binne ya riƙa fitowa fili.

2.0 Sawun Kuɗin Waje a Cikin Harshen Hausa

Kafin a taɓa ƙarfen, ya kamata a fara duban harshe, domin kalmomin kuɗi na Hausa suna riƙe da tarihin hanyoyin da kuɗin suka biyo. Ita kanta kalmar “kuɗi” jam'in “wuri” ce, kuma wannan ya nuna cewa wuri shi ne ginshiƙin ciniki na tsawon ƙarnoni. “Azurfa” ta shigo ne daga harshen Buzaye, waɗanda ke kiran wannan ƙarfe da suna mai kama da haka. “Liyari”, wato babban kuɗin azurfar nan da mata ke ado da shi, ya fito daga “riyal” na Larabci, shi kuma Larabci ya aro daga sunan kuɗin Sifen. “Dala” tana komawa ga kalmar Jamusanci “taler”, sunan da aka ba kuɗin azurfar da aka fara bugawa a wani kwari na ƙasar Bohimiya a farkon ƙarni na 16. “Sule” da “kwabo” kuwa na zamanin Turawa ne.

Akwai kalmomin da asalinsu ya kai har Rum. “Dinari” daga Larabci yake, Larabci kuma ya same shi daga “denarius” na Latin. Masana harshe da dama suna ganin cewa “zinariya” ma daga wannan tushe ta fito, kamar yadda Barebari ke kiran zinariya “dinar”. “Fulus” na komawa ga “follis”, wani kuɗin tagulla na Rumawa, “dirhami” kuma ga “drachma” ta Girkawa. Wani abin lura shi ne, har zuwa ranar 1 ga Janairu, 1973, da aka fara amfani da naira da kwabo, duk ɗalibin da ya rubuta taro da alamar 3d, ko sisi da alamar 6d, harafin farko na “denarius” yake rubutawa, ko da bai sani ba.

Sai dai waɗannan kalmomi sun iso ne ta bakin Larabawa da Turawa, ɗaruruwan shekaru bayan an daina buga kuɗin da ke ɗauke da sunan. Dinarin da littattafan fikihu ke ambato na zinariya ne, mai nauyin miskali ɗaya, wato kimanin giram 4.25, irin wanda Halifa Abdulmalik ɗan Marwan ya daidaita a shekarar 77 ta Hijira. Dinarin Rumawa kuwa na azurfa ne. Don haka samun kalmar a Hausa bai tabbatar da cewa ƙarfen ya taɓa isowa ba.

3.0 Dinarin Rumawa da Alamominsa

3.1 Asali, Girma da Nauyi

An fara buga dinari a birnin Rum wajen shekara ta 211 kafin Miladiyya, a tsakiyar yaƙinsu da Hannibal na Kartaj. Sunan yana nufin “mai goma”, domin da farko ana canza shi da ƙananan kuɗin tagulla guda goma, kafin daga baya a mai da su 16. A zamanin sarakuna, dinari 25 ke yin kuɗin zinariya ɗaya, kuma albashin sojan ƙasa a mulkin Augustus dinari 225 ne a shekara.

Abu na farko da mai tantancewa zai riƙe shi ne ƙanƙantar wannan kuɗi. Faɗinsa tsakanin milimita 17 ne zuwa 20, bai ma kai sule ba. Nauyinsa na farko kimanin giram 4.5 ne. A zamanin Augustus, wanda ya yi mulki daga shekara ta 27 kafin Miladiyya zuwa ta 14 Miladiyya, ya tsaya a kimanin giram 3.9, azurfarsa kuma kusan tsantsa. A shekara ta 64 Sarki Nero ya rage shi zuwa kimanin giram 3.4, ya kuma ƙara masa jan ƙarfe. Sarakunan da suka biyo baya suka ci gaba da wannan algus saboda nauyin biyan sojoji, har ya zama a zamanin Septimius Severus, daga 193 zuwa 211, azurfar da ke cikin dinari kusan rabi ce kawai. A 215 ɗansa Caracalla ya fito da wani sabon kuɗi da ake ɗauka a matsayin dinari biyu, alhali nauyinsa na ɗaya da rabi ne. Kafin ƙarshen mulkin Gallienus a 268, azurfar wannan sabon kuɗi ta faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 100, ya koma tagullar da aka shafe da farin ruwa. Ke nan ma'auni kaɗai yana iya nuna zamanin da kuɗi ya fito, tun ba a karanta harafi ko ɗaya ba.

3.2 Karanta Rubutun

Rubutun da ke kewaye da hoton sarki shi ne babbar shaida, kuma a gajarce yake. Ga kalmomin da suka fi yawa: IMP na nufin babban kwamandan mayaƙa, CAES da AVG laƙabai ne na sarauta da aka gada daga Kaisar da Augustus, P M na nufin shugaban limaman addininsu, P P uban ƙasa, COS muƙamin ƙaramin wa'adi ne da sarki kan riƙe lokaci-lokaci, TR P kuwa iko ne na kare talakawa wanda ake sabunta wa sarki kowace shekara. Lambar da ta biyo bayan COS ko TR P ita ce kalandar kuɗin, domin Rumawa ba su rubuta shekara yadda ake yi a yau.

Misali zai ƙara fito da wannan. Akwai dinarin Sarki Trajan, wanda ya yi mulki daga 98 zuwa 117, mai ɗauke da IMP TRAIANO AVG GER DAC P M TR P a fuska, da COS V P P S P Q R OPTIMO PRINC a baya. Laƙabin DAC ya same shi ne a ƙarshen 102, bayan yaƙinsa na farko da mutanen Dasiya. Ya riƙe COS karo na biyar a 103, bai kuma sake ba sai a 112. Saboda haka an buga wannan kuɗi tsakanin 103 da 111. Da a ce an ga laƙabin da ke nuna nasararsa a kan Fatiyawa, to da kuɗin bai riga 116 ba. Haka nan dinarin Severus mai P M TR P XV COS III P P na shekara ta 207 ne. Irin wannan lissafi ne aka tattara a babban kundin kuɗaɗen sarakunan Rum wanda Harold Mattingly da Edward Sydenham suka fara fitarwa a 1923, aka kammala juzu'insa na goma a 1994, kuma shi ne madogarar masana har yanzu.

Siffar haruffan ma shaida ce. Dukkansu manya ne, babu harafin J, kuma V ke tsayawa a matsayin U. Babu alƙaluman lissafi irin 1, 7, 8 a jikin kuɗin Rumawa, kuma ƙidayar shekaru ta Miladiyya ba a ƙirƙiro ta ba sai a 525. Duk kuɗin da ke ɗauke da shekara da alƙaluman da aka saba da su, ya fita daga sahun na Rumawa kai tsaye. Idan kuma haruffan na Girkanci ne, mai yiwuwa kuɗin na lardunan gabas ne, kamar Masar, wadda ta riƙe nata kuɗin daban a Iskandariya har zuwa ƙarshen ƙarni na 3.

3.3 Hoto

Julius Kaisar ne ɗan Rum na farko da aka buga hotonsa a kuɗin birnin yana da rai, a shekara ta 44 kafin Miladiyya. Daga nan hoton sarki, ta gefe guda, ya zama al'ada. A kan dinari sarki yakan fito da kambin ganye ko kuma kai ba komai. Idan kambin mai tsinkaye ne kamar hasken rana, kuma kuɗin na azurfa ne, to shi ne mai darajar dinari biyu, wanda bai riga 215 ba. Gemu ma yana taimakawa, domin sarakunan farko galibi masu aski ne, sai daga Hadrian, wanda ya hau mulki a 117, gemu ya zama ado na sarauta. A bayan kuɗin akan ga gumakansu, ko siffar mace da ke wakiltar nasara, ko zaman lafiya, ko wani lardi. A dinarin Hadrian da na Severus akwai mai nuna lardin Afirka a siffar mace sanye da fatar kan giwa. Shi Severus ɗin ma haifaffen Leptis Magna ne, a ƙasar Libiya ta yau.

3.4 Bugu da Zubi

Da hannu ake buga dinari. Akan ɗora ƙwayar azurfa a kan hatimin da ke kafe a maƙera, a ɗora wani hatimin a sama, a buga da guduma. Wannan ya sa da wuya a sami dinari mai cikakken da'ira. Gefensa yakan tsattsage, hoton yakan karkace, wani ɓangare na rubutun ya faɗa waje. Kuɗin da ya fito sumul, gefensa da zane-zane a jere ko da rubutu, aikin inji ne na ƙarnonin baya-bayan nan. Maƙerin fari ya fi kowa saurin gane jabun da aka yi ta hanyar zubi, domin sana'arsa ce: akan ga layin haɗin mazubi a gefe, da ƙananan ramukan kumfa a fuska, haruffan kuma su yi laushi kamar an lashe su. Akwai kuma jabun da aka yi tun zamanin Rumawan, wanda cikinsa jan ƙarfe ne aka lulluɓe da fallen azurfa. Shi wannan tsoho ne na gaskiya, kuma yana da tasa darajar a wurin masu nazari.

4.0 Kuɗaɗen da Ake Ɗauka na Rumawa

4.1 Liyari

Hausawa na cewa kama da wane ba ta wane. Babu kuɗin da wannan magana ta fi dacewa da shi kamar liyari, wato dalar Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya da ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. Rubutun fuskarsa shi ne M. THERESIA D. G. R. IMP. HU. BO. REG., ma'ana Mariya Tereza, da yardar Allah sarauniyar Rumawa, sarauniyar Hangare da Bohimiya. Wanda ya karanta R. IMP. ya ce kuɗin Rum ne bai yi ƙarya a kan haruffan ba, tarihin ne ya kuɓuce masa. Sunan Rum ya hau kan dauloli fiye da ɗaya. Akwai ta asali wadda ɓangarenta na yamma ya rushe a 476. Akwai ta gabas mai hedikwata a Kustantiniyya, wadda Larabawa suka fi sani da wannan suna, ta kuma kai har 1453. Sai kuma wata daula ta sarakunan Jamus da ta ari sunan, ta riƙe shi har 1806. Mijin Mariya Tereza ne aka naɗa sarkin wannan ta ukun a 1745, ta haka ita ma ta sami laƙabin.

Bambancin liyari da dinari a bayyane yake. Nauyin liyari giram 28 ne da ɗan ɗoriya, faɗinsa kimanin milimita 40, azurfarsa kashi 833 cikin 1,000. Sai an tara dinari bakwai ko takwas kafin su yi nauyinsa. A fuska akwai mace mai jiki sanye da mayafin takaba, a ƙarƙashinta haruffan S.F., na jami'an gidan buga kuɗi na Gunzburg. A baya akwai mikiya mai kai biyu, wadda ta sa Larabawa suka yi masa laƙabi da “Abu Ɗair”, wato mai tsuntsu. A gefensa an rubuta kalmomin Latin masu nufin adalci da rangwame.

Shekarar 1780 da ke jikinsa ita ma tarko ce. Saboda 'yan kasuwar Gabas da na Afirka sun amince da wannan siffa, ba su kuma karɓar wata, sai aka ci gaba da buga shi da shekarar rasuwar sarauniyar ba tare da canji ba. Ostiriya ta daina amfani da shi a cikin gida a 1858, amma bugu bai tsaya ba. A ƙarni na 20 an buga shi a birnin Rum, da Landan, da Faris, da Burasal, da Bambai, har adadin da aka buga gaba ɗaya ya haura miliyan 300. Liyarin da ke hannun wata dattijuwa a yau zai iya kasancewa na zamanin Sarki Abu Kwaka, zai kuma iya zama na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu.

Shaidar yawonsa a wannan ƙasa tabbatacciya ce. Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a Fabrairun 1851, ya tarar ana canza dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500. Da wannan lissafi, keso guda na wuri 20,000, wanda kaya ne na ɗan dako, daidai yake da dala takwas da za a ƙulle a bakin rawani. Wannan sauƙin ɗauka ne ya sa fatake suka so shi. Dalili na biyu kuwa shi ne ingancin azurfarsa, wanda ya mai da shi abin narkawa a wurin maƙeran fari don yin zobba, da awarwaro, da adon kayan doki, kamar yadda maƙeran Buzaye suka riƙa ƙera kayan adonsu da shi.

4.2 Riyalin Sifen

Abokin tafiyar liyari shi ne babban riyalin Sifen, mai nauyin kimanin giram 27, wanda aka fi bugawa a Meziko da Kudancin Amurka. Wannan ya fi liyari ruɗarwa ta fuskar hoto, domin daga 1772 an riƙa zana sarakunan Sifen da kambin ganye da sulke irin na mayaƙan Rum, ga kuma suna kamar CAROLUS IIII da lambar Rumawa. Amma a ƙarƙashin hoton akwai shekara da alƙaluman zamani, a baya kuma ginshiƙai biyu, waɗanda Larabawa suka ɗauka igwa ce har suka kira kuɗin “Abu Madfa”.

4.3 Sulallan Turawa

Rukuni na uku shi ne kuɗin mulkin mallaka. An kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma a 1912, ta fara fitar da sulallan azurfa a 1913, sa'an nan a 1920 aka koma na farar tagulla saboda tsadar azurfa. Rubutun fuskarsu da Latin yake, sunan Sarki Joji na Biyar an rubuta shi GEORGIVS da V a madadin U, kuma ya ƙare da IND IMP, wato sarkin sarakunan Indiya. Idan irin wannan sule ya daɗe a ƙasa, bayansa mai bishiyar kwakwa da rubutun Turanci ya goge, abin da ya rage a fuska zai iya ruɗar wanda bai saba ba. Nauyinsa na giram 5.6 da cikar da'irarsa su ke tona asirinsa.

5.0 Ƙasar Suleja da Hanyoyin Shigowar Azurfa

Tarihin yankin da kansa yana nuna lokacin da ya fi dacewa a ce azurfar waje ta yawaita a cikinsa. Ƙasar ta Gwari ce da Koro tun asali, ƙarƙashin inuwar Zazzau. Bayan da masu jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarki Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ya rasu a 1825. Ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da aka mai da sunansa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, bayan an zaɓi yankin don gina sabuwar hedikwatar ƙasa a 1976. Shekarun farko na masarautar na yaƙi ne da rufe ƙofa. A zamanin Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, ciniki da Zariya da Bida ya buɗe. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da liyari ke kai-kawo tsakanin Tarabulus, da Kukawa, da Kano. Turawa sun ci garin a 1902, kuɗinsu ya biyo baya, haƙar kuza a zamanin Sarki Musa Angulu ta ƙara yawan masu karɓar lada da sule.

Akwai wasu hanyoyin na baya-bayan nan. Alhazan da suka bi ta ƙasa sun ratsa Sudan da Hijaz, inda liyari ya daɗe yana ci. Sojojin Nijeriya sun yi yaƙi a Habasha a 1941, ƙasar da wannan kuɗi ya fi karɓuwa a cikinta. A yau kuma 'yan kasuwa da ɗalibai suna zuwa Masar, da Turkiyya, da Tunisiya, inda ake sayar wa baƙi kwaikwayon kuɗin Rumawa a matsayin tsaraba. Kowace daga cikin waɗannan hanyoyi tana iya kawo kuɗi mai rubutun Latin har Gauraka.

6.0 Iyakar Sawun Rumawa da Ma'aunin Hujja

Rumawa sun mallaki gaɓar Afirka ta Arewa tun bayan rushe Kartaj a shekara ta 146 kafin Miladiyya, kuma sun leƙa Sahara. Cornelius Balbus ya kai yaƙi ƙasar Garamantawa, wato Fazzan, wajen shekara ta 19 kafin Miladiyya. Masanin ƙasa Batlamus ya ambaci tafiyar wani Julius Maternus tare da sarkin Garamantawa zuwa wata ƙasa mai karkanda da ake kira Agisimba, wadda har yau masana ke saɓani a kan inda take. Haƙe-haƙen da aka yi a Jarma, babban birnin Garamantawa, sun fito da tulunan giya da na mai, da kwanuka, da kayan gilashi na Rumawa masu yawa, amma kuɗi kaɗan ne, abin da ke nuna cewa cinikin hamada bai dogara da tsabar kuɗi ba. A Abalessa ta ƙasar Aljeriya, a kabarin da Buzaye ke dangantawa da kakarsu Tin Hinan, wanda aka buɗe a 1925, an sami fallen zinariya mai ɗauke da tambarin kuɗin Sarki Kustantin, wanda ya yi mulki daga 306 zuwa 337. Tsakanin Abalessa da Suleja akwai fiye da kilomita 1,500. A kudu da hamada, maƙabartar Kissi ta Burkina Faso ta ba da duwatsun gilashi da kayan tagulla da suka fito daga arewa tun kafin Musulunci, waɗanda ga alama sun biyo hannu zuwa hannu.

A wancan zamani yankin Suleja ba kango ba ne. A Taruga, kudu maso gabas da Abuja, Bernard Fagg ya tono matoyan ƙarfe da gumakan yumɓu na al'adar Nok a shekarun 1960, waɗanda suka girmi sarakunan Rum. Kayan da aka samu a can na gida ne, babu kuɗin ƙarfe a cikinsu.

Daga nan ma'aunin hujja ya fito. Tambayoyi biyu ne, kuma ba a haɗa su. Ta farko: kuɗin na Rumawa ne? Ma'auni, da rubutu, da hoto, da yanayin bugu za su amsa. Ta biyu: yaushe ya iso inda aka same shi? Wannan ƙasar da ta binne shi ce kaɗai za ta amsa, wato zurfin da yake, da kaskon da ke kusa da shi, da gawayin da za a iya auna shekarunsa. Dinari na gaskiya da aka saya a kasuwa yana ba da labarin Rum, amma ba ya cewa komai a kan Gauraka. Da zarar an ɗauke shi daga mazauninsa ba tare da an rubuta komai ba, amsar tambaya ta biyu ta tafi ke nan, babu mai dawo da ita.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa dinarin Rumawa ƙaramin kuɗi ne mai nauyin giram 3 zuwa 4, bugun hannu, marar shekara da alƙaluma, wanda ake gane zamaninsa ta laƙaban sarki. Ta kuma nuna cewa kuɗaɗen azurfa masu rubutun Latin da tarihi ya tabbatar da yawonsu a wannan ƙasa su ne liyari, da riyalin Sifen, da sulallan Turawa, dukkansu na ƙarni na 18 zuwa na 20.

Wanda ya tsinci tsohon kuɗi a gona ko a wurin haƙar harsashin gini, abin da ya fi shi ne kada ya kankare shi, kada ya wanke shi da toka ko lemun tsami, kada kuma ya kai shi maƙera a gwada da wuta. Ya lura da wurin da zurfinsa, ya ɗauki hoton fuska da baya da gefe, ya auna nauyi da faɗi, sa'an nan ya sanar da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda Doka ta 77 ta 1979 ta ɗora wa alhakin kula da irin waɗannan kaya, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Gidajen tarihi na Kaduna, da Jos, da Gidan Makama na Kano suna ƙarƙashin wannan hukuma.

Akwai kuma aikin da ke jiran masu nazarin harshe da al'ada. Dattawan maƙeran fari da tsofaffin mata na Suleja, da Zuba, da Gauraka su ne suka san sunayen da ake kiran waɗannan kuɗaɗe da Hausa, da Gwari, da Koro, da yadda ake gwada ingancinsu ta amo ko ta gani, da matsayinsu a kayan aure da rabon gado. Masu wannan sani suna ƙarewa, liyarin kansa kuma yana ƙarewa a tukunyar narki. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya da na tarihi a jami'o'i su tura ɗalibai su tattara wannan bayani tun masu shi suna raye.